Augustus Saint-Gaudens: Masassaƙin Da Ya Sake Fasalin Kuɗin Zinariyar Amurka

An haifi Augustus Saint-Gaudens a birnin Dublin na ƙasar Ayalan a shekarar 1848, iyayensa suka ƙaura da shi zuwa New York tun yana jariri. Mahaifinsa Bafaranshe ne mai ɗinkin takalma. Yana da shekara 13 aka kai shi koyon sassaƙa hotuna a kan ƙananan duwatsun ado, sana'ar da ta ciyar da shi lokacin da yake karatun sassaƙa a Paris da Roma.

Ya yi suna ne wajen ƙera mutum-mutumi na tagulla. Daga cikin ayyukansa akwai siffar Shugaba Lincoln da aka kafa a Chicago a 1887, da abin tunawa da Kanar Shaw da sojojinsa baƙar fata a Boston, wanda ya ci masa shekara 14 kafin a buɗe shi a 1897.

A 1905 Shugaba Theodore Roosevelt, wanda yake ganin tsabar kuɗin ƙasarsa ba su da kyan gani, ya nemi ya sake musu fasali. Saint-Gaudens ya tsara tsabar zinariya ta dala 20: a fuska ɗaya mace mai alamta 'yanci riƙe da tocila da reshen zaitun, a ɗaya fuskar kuma gaggafa tana shawagi.

A nan ne gwaninta ta ci karo da kasuwa. Zanen ya yi tudu ƙwarai, har sai injin ya bugi kowace tsaba sau da yawa kafin ya fito sosai, alhali tsabar yau da kullum bugu ɗaya take bukata. Wannan ya rage yawan abin da ake bugawa, ya kuma ƙara tsadar aiki. Ga shi tsabar ba ta jeruwa daidai bisa juna, abin da bankuna ba za su lamunta ba wajen ƙirga.

Saint-Gaudens ya rasu a watan Agustan 1907, kafin kuɗin su shiga hannun jama'a. Babban mai zanen ma'aikatar buga kuɗi, Charles Barber, shi ya kwantar da tudun zanen, aka ci gaba da bugawa har 1933, lokacin da gwamnati ta janye zinariya daga hada-hada. Kusan duk na wannan shekarar an narkar da su. Guda ɗaya da ta taɓa zama mallakar Sarki Faruku na Masar an yi gwanjonta a 2021 a kan dala miliyan 18.9.

Darasin da ke nan ga masu masana'antu shi ne, a tambayi injin da zai ƙera kaya da mai kantin da zai jera su kafin a amince da samfur. Sai da aka rage wa zanen wani abu na kyansa sannan ya yi shekara 26 ana buga shi, kuma tun 1986 aka dawo da shi a kan tsabar zinariyar da Amurka ke sayar wa masu ajiyar dukiya.