Masu Ƙin Yaƙi: Su Wane Ne, Me Suke Nufi?

Duk wanda ya saba kasa kunne ga labaran duniya a rediyo, ko a Ɗankaza yake ko a cikin garin Wudil, ya sha jin an ce masu adawa da yaƙi sun fito zanga-zanga a Landan ko Washinton. Turawa na kiran wannan aƙida pacifism, mai riƙe da ita kuwa pacifist. Wani Bafaranshe, Emile Arnaud, shi ya ƙirƙiro sunan, aka karɓe shi a taron masu neman zaman lafiya da aka yi a Glasgow cikin 1901.

Ya kamata mai karatu ya lura, ba kowane mai sukar yaƙi ake kira haka ba. Wanda ya ce yaƙin Iraƙi zalunci ne, amma in aka auka wa garinsu zai ɗau makami, wancan yaƙin kaɗai yake ƙi. Ainihin mai aƙidar shi ne wanda ya ce ba zai zubar da jinin ɗan Adam ba, ko da hukuma ce ta tilasta masa. A bakin 'yan siyasa kuwa sunan yakan koma habaici, watau rago.

Habaicin bai hau ba. A 1967 ɗan damben nan Muhammad Ali ya ƙi shiga sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Kafin shi akwai Abdul Gaffar Khan, Musulmi daga ƙabilar Pashtun, mutanen da ba sa rabuwa da bindiga. A 1929 ya tara mabiya masu jajayen riguna, suka yi rantsuwa ba za su rama duka ba. Sojan Ingila suka buɗe musu wuta a kasuwar Peshawar, cikin Indiya ta wancan lokaci, a 1930, suka tsaya hannu rabbana.

Mutanen yankin Wudil kuwa, ba sai an kai su Indiya ba kafin su san abin da yaƙi ke ci. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa Tukur ɗan Bello, duk da cewa Wazirin Sakkwato Buhari ya ja hankalinsa cewa Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi jama'a suka fi so. Ba a ji shawarar ba. Yusufawa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, Yusufu ya rasu a Garko, nan maƙwabtan Wudil, ƙanensa Alu ya gaje shi, ya ci Kano a 1894. Tukur ya gudu, aka kashe shi a 1895. Jikokin mutum ɗaya ne fa, Sarki Ibrahim Dabo, amma aka ƙone garuruwa, aka bar gonaki, Musulmi ya kama Musulmi ya sayar. Talakan da bai san yadda aka yi naɗin ba shi ya fi kowa jin jiki. Ba a cika shekara goma ba Turawa suka shiga Kano, cikin Fabrairun 1903.

A zamanin nan ma akwai abin dubawa a Kaduna. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasan ɓangarorinsu a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu suka ajiye gaba, suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista a Kaduna, daga baya kuma su ne suka shiga tsakani a rikicin Yelwa ta Shendam a Jihar Filato.