Kafin A Kira Mai Feshi: Darasi Kan Ƙwari, Ƙudan Zuma Da Maciji A Gida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da kusan kowane gida ke fama da shi: kuɗin cizo a katifa, kyankyaso a kicin, ɓera a sito, wani lokaci har ƙudan zuma a silin. Maigida ne zai biya kuɗin aikin, amma ke ce kika san inda abinci yake, ke ce da yara, don haka ke ya fi kamata ki san abin da za a fesa miki a ɗaki.

Mu fara da mai feshin. Ba duk wanda ya goya tanki yana zaga unguwa ba ne ya san aikin. Ki roƙi maigida ya tambaya a ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma, ko wurin maƙwabtan da aka yi wa aiki suka ga amfaninsa. Ranar aikin kuma ya kasance maigida ko wani muharraminki yana nan, shi zai shiga da shi ɗakuna. Kafin a fara, a ce ya nuna maganin a cikin mazubinsa na asali, mai suna da lambar NAFDAC. In ya fito da shi a gorar ruwa ya ce haɗinsa ne na musamman, to a sallame shi cikin mutunci. A tambaye shi awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin. Ki kuma lura, shi kansa ya rufe hanci da hannu? Wanda bai tsare lafiyarsa ba, yaya za a yi ya tsare ta 'ya'yanki?

Abubuwa biyu nake so ki riƙe da kyau. Na farko, ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke sa wa buhunan wake da masara don ƙwari. Idan ta sha iska mai danshi tana fitar da guba mai kisa, kuma gubar tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da silin zuwa ɗakin da ke kusa. Wallahi ba ta ɗakin kwana ba ce, ko da an ce za ta gama da ɓeraye a dare ɗaya. Na biyu, Sniper da ota-fiya-fiya. Maganin gona ne mai ƙarfi, shi ya sa a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Amma har yau za ki ga mace ta yayyafa shi ƙarƙashin gado ta rufe taga, yara suna kwance. Haba 'yar'uwa!

Ranar feshi ki fitar da abinci, tukwane, kwanuka da kayan wasan yara, ki rufe randa da duro. Mai ciki, jariri, tsoho da mai asma su bar gidan tun kafin a fara, kaji ma a kau da su. Bayan lokacin ya cika a buɗe tagogi iska ta ratsa, a goge ƙasa da duk inda ake ɗora abinci. Idan kuɗin cizo ne, ki sani ƙwansa ba ya mutuwa a feshin farko, sai an maimaita bayan kamar mako biyu. A yi ciniki da dawowar tun farko, kada a zo ana jayayya daga baya. Idan kuwa kika ga yaro yana dalalar da miyau, gumi, amai, numfashi na yi masa wuya, ki fitar da shi iska, ki cire masa kaya ki wanke jikinsa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan.

To, ƙudan zuma fa? Nan ne aka fi yin kuskure. Halitta ce da Allah Ya sanya wa sura guda sunanta, Suratun Nahli, kuma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito tana cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Ita ke barbarar furen mangwaro da kabewa da sauran amfanin gona. Idan kika wayi gari kika ga sun dunƙule a reshen bishiya kamar ƙwarya, yawanci masu ƙaura ne, sun yada zango, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki za su tashi. Ki tsare yara daga jifa, kada a tada janareta kusa da su, shi ke nan. Amma in suna shiga suna fita ta rami ɗaya a bango ko silin, sun yi gida. Wannan aikin mai kiwon zuma ne, ba na mai feshi ba. Zai zo da almuru lokacin da suka koma ciki, ya yi musu hayaƙi, ya kwashe su da sarauniyarsu zuwa amya. A tabbata ya cire saƙar duka an toshe ramin, domin zumar da aka bari za ta narke ta jawo tururuwa da ɓera. Kada a cinna musu wuta, silin ne zai kama. Zumar da aka fesa wa magani kuwa ba a shan ta.

Idan suka taso wa mutum, ya rufe fuska ya ruga ɗaki ya rufe ƙofa. Ƙarin da ya maƙale a fata a kankare shi da farce nan take, a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi. Amma in leɓe ko fuska suka kumbura, murya ta shaƙe, ko harbin ya yi yawa musamman ga ƙaramin yaro, asibiti kai tsaye, ba jira.

Ɓera kam shari'a ta halatta kashe shi, shi da kunama. Wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta hanyar fitsari da kashinsa a abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Ki zuba hatsi a mazubi mai murfi, ki toshe ramuka da siminti. Tarko ya fi guba aminci a gidan da ke da mai rarrafe. Kada ki ɗauki mushensa da hannu.

Ɓeran nan kuma shi ke jawo maciji, tare da ciyawa da tarin itace a jikin katanga. In an gan shi, a janye yara a kira maza. Wanda ya sara a kwantar da shi, a cire zobe da awarwaro, kada ya motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawar sai ta ƙara zubarsa. Allurar kashe dafi ce maganinsa, irin wadda ake yi a asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Idan gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada ya murza, sannan a kai shi likita ya duba.