Tallar Taba da Tallar Giya a Telebijin: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa iyayen yara a Mungadi da Jega da Aliero sukan kawo kuka wurin hakimai, su ce 'ya'yansu suna ganin tallar giya a gidajen kallon ƙwallo, alhali tallar taba ta ɓace sarai. Ya kamata hakimi ya san amsar da zai ba su.

Ita taba an rufe mata ƙofa ɗungum. Ingila ta hana tallar sigari a telebijin tun 1965, Amurka ta bi sahu a 1971. Nijeriya kuwa ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, sa'an nan a 2015 aka kafa dokar tarayya wadda ta hana tallarta ga jama'a ta telebijin da rediyo da allunan gefen hanya. Dokar nan ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Dalili shi ne hayaƙin taba yana cutar mai sha, yana kuma cutar na kusa da shi wanda bai ji ba bai gani ba.

Giya fa ba haka ba. Babu irin waccan yarjejeniya a kanta, kuma dokar tarayya ba ta haramta cinikinta ba. Saboda haka ƙa'ida kawai aka gindaya mata: sai hukumar kula da talla ta duba kafin a nuna, ba a sa yara ko mata masu ciki a ciki, kuma an keɓe mata dare, watau lokacin da ake zaton yara sun kwanta. A ganinmu zaton nan yana da rauni, domin manyan wasannin Turai da dare ake yinsu, samari kuwa cike da benci.

To, Jihar Kebbi ta ɗauki Shari'a a 2000, amma ikonta bai kai ga tashar da ke watso shiri daga Legas ko ƙetare ba, gama sha'anin watsa labarai na Tarayya ne. Abin da ke hannun hakimi shi ne abin da ke cikin ƙasarsa. Sai ya tara dagatai da masu gidajen kallo a yi shawara kan shigar ƙananan yara da dare. Malamin hakimi kuma, in ya ga allon tallar taba a kasuwa ko tashar mota, ya rubuta wuri da rana, ya aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.