Darasi: Dokar Kare Daji Daga Abuja Zuwa Ribah

'Yan'uwa, ƙasarmu ba ta rasa dokokin kare muhalli ba. A shekarar 1988 aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, ta Jihar Delta ta yanzu, ba Kokon Kabi ba. A wannan shekara gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli, FEPA. A 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin dokokin, a 2011 kuma aka fito da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai. Jihar Kabi tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin dasa itatuwa domin tare hamada.

Amma me muke gani a Ribah da ƙauyukan Danko/Wasagu? Da hunturu ya kama, sai a cinna wa daji wuta saboda farautar gafiya. Kaɗanya da ɗorawa, waɗanda iyayenmu ba su yarda gatari ya taɓa ba, sun koma buhunan gawayi a bakin hanya. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare ta ya ci kuɗin yini guda, ya hana mata man kaɗe na shekaru.

Dalilan wannan giɓi uku ne. Na farko, da Turanci aka rubuta dokar a Abuja, manomi bai taɓa jin ta da Hausa ko da C'lela ba. Na biyu, kula da gandun daji aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, malaman daji kuwa ba su da yawa, rashin tsaro ya kuma hana shiga wasu dazuzzukan. Na uku, doka ta ce a bari, amma ba ta ba uwargida abin da za ta hura a murhu ba.

Saboda haka dokar da aka sa wa hannu a Abuja ba za ta yi aiki a nan ba sai mun mai da ita dokar garinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan dagaci da dattawa, da ƙungiyoyin mata da na matasa, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, suka zauna suka yanke cewa ba a sarar itace mai ba da abinci, maganar za ta fi takarda ƙarfi. Mu share gefen gonakinmu kafin kaka ta wuce domin tare wuta. Mu bar tsiron da ya fito da kansa a gona ya girma. Mu kuma tambayi kansilolinmu inda ake rabon irin itatuwa.

Tambayoyin tattaunawa:
1. Waɗanne itatuwa ne suka ɓace a ƙauyenmu?
2. Wa zai kai wannan magana gaban dagaci a wannan mako?