Darasi: Kada Ka Yi Fushi Da Tuwo

Mutumin Birnin Gwari ba a koya masa abinci. Shi ke noma masara da dawa da shinkafa da wake, motoci su zo su kwasa. Matan nan sun san lokacin da ɗorawa ke nuna, sun iya mai da kalwa daddawa, sun san man kaɗe mai kyau tun daga ƙanshinsa. Saboda haka ba zan tsaya lissafa muku abin da kuka fi ni sani ba. Ɗabi'a ɗaya nake yaƙi da ita: da rai ya ɓaci, sai a ture kwano. Kada ku yi haka.

Na san inda abin ya samo asali. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da na Kuyambana, noma ya gagara, mai zuwa Kaduna ta Buruku sai da addu'a. Wanda aka ɗauke wa ɗan'uwa, loma ba ta wuce masa maƙogwaro. Tsoro yana ɗaure ciki, babu mai ganin laifinsa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara, mutane da yawa suka koma gonakinsu. Amma ɗabi'ar ta zauna a gidaje.

Ga abin da ke faruwa. Maigida ya tashi da tunanin bashin taki. Uwargida ta kawo koko da ɗumame.

"Malam, ga karin kumallo."

"Bar shi, ba na jin ci."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ke, na ce ki bar shi!"

Ya biya teburin mai shayi, aka zabga masa sukari, ya jefa goro a baki, ya wuce gona. Kafin rana ta take, hannu na rawa, kai na sarawa. Da azahar ya dawo, ya tarar da akuya ta tusa kai cikin waken da aka shanya. Ya daka wa yaro tsawa. Ya ce gishiri ya yi wa miya yawa, alhali bai ko ɗanɗana ba. Uwargida ta shige ɗaki da goyonta, ta ce ita ma ta ƙoshi. Yara suka yi tsuru-tsuru a gindin turmi.

Sai tsohuwa ta leƙo daga ɗakinta.

"Kai, zo nan. Me ka ci yau?"

"Na sha shayi, Inna."

"Shayi! To zauna."

Ta dire masa ɗanwake da man gyaɗa da kwaɗon zogale. Ta ɗaga murya: "Ke kuma 'yar nan, fito ki ci. Ba don shi ba, don wanda ke bayanki."

Da ya suɗe kwano ya sha ruwa, sai ya dubi yaron ya ce, "Wai akuyar wa ce ma?"

"Taka ce, Baba."

Har uwargida sai da ta yi dariya.

Bashin taki yana nan bai ragu ba. Cikin mutumin ne ya sauya. Ƙwaƙwalwa tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Idan ta rasa, haƙuri ne ke fara gudu. Sukarin shayi wutar kara ce, ta tashi bal, ta mutu nan take. Wake da gyaɗa da tuwo suna narkewa sannu a hankali, su riƙe mutum har yamma. Goro da shayi mai kauri kuwa suna danne yunwa kawai, kuma idan sun yi yawa sukan sa faɗuwar gaba, su hana barci. Wanda bai yi barci ba zai tashi da ƙunci, ya sake ƙin ci, damuwa ta ƙaru. Don haka nake nanatawa: ko ranka ya ɓaci, ka ci. Ko loma biyar ce, ka ci.

Sauran kun sani. Zogale, rama, kuka, wake, ƙwai da hanta suna taimakon jini, kuma ƙarancin jini yana kawo kasala da saurin fushi. A matsa lemon tsami a kwaɗo. Shayi a kan abinci yana rage amfanin da jini ke samu, a jinkirta shi. Azumi daban ne, shi ma ai da sahur ake ɗaukarsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wasu maƙwabta. Mutum ya sayar da wakensa kaf ranar kasuwa, bai bar ko tiya ɗaya a gida ba, ya dawo wa yara da biskit da lemon kwalba. Zogale na tsaye a bayan gidansa, awaki ke ci. Gobe ka ji shi yana cewa yaransa sun cika rigima, matarsa ba ta da fara'a. Wata kuma ta hana yaro tuwon dare wai horo take yi. Wane irin horo ne wannan? Ki yi masa faɗa, amma ki ba shi tuwonsa. Kada a yi fushi da tuwo, kada kuma a koya wa yaro yin haka.

Idan mutum ya wuce mako biyu ba ya son abinci, ba ya barci, ba ya son magana da kowa, abin ya fi ƙarfin kwano. A kai shi babban asibitin Birnin Gwari. Idan sun ga da buƙata, za su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kafin a tafi, wani ya zauna kusa da shi, a sa hannu a kwano ɗaya.