Ina Tsatsa Take Fitowa?

A lokacin da muka fita gwajin koyarwa, wani yaro ɗan aji huɗu ya tambaye ni abin da yake sa ƙarfe tsatsa. Na ce masa tsufa ne. Sai ya ce, “Amma Malam, fartanyar babana sabuwa ce, kwana biyu kaɗai ta yi a gona ta yi ja.” Na rasa ta cewa, yara suka yi ta dariya. Don kada wani a cikinmu ya sha irin kunyar nan, ga abin da na bincika.

A sami ƙusa uku, a goge su da yashi sai sun yi fari, a sami kwalabe uku kuma. Kwalba ta fari a shanya ta sarai, a jefa ƙusa, a toshe. Ta biyu a cika ta da ruwan da aka tafasa, a sa ƙusa, sa'an nan a zuba man gyaɗa kaɗan a bisa. Tafasa tana korar iskar da ke cikin ruwa, man kuwa yana hana wata shiga. Ta uku a zuba ruwan rijiya har rabin ƙusar, a bar ta a buɗe. Bayan kwana bakwai sai a duba. Ƙusa ta uku ta yi jawur, sauran biyun kuwa suna nan kamar yadda aka sa su. Ashe ruwa shi kaɗai ba ya kawo tsatsa, iska ma haka, sai sun gamu.

Ba dukan iskar ce take wannan aiki ba. Akwai wani sashi nata wanda masana suke kira oksijin, kashi 21 ne cikin ɗari, shi ne kuma muke bukata in muna numfashi. In da danshi, sai ya haɗu da ƙarfe su zama wani abu dabam, mai rugurgujewa, wanda ba ya lanƙwasuwa, ba ya kuwa yankan ciyawa. Wannan ba kamar narkar da man shanu ba ne, wanda in ya huce sai ya koma yadda yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nauyi. Da na ɗauka tsatsa cin ƙarfe take yi, ya rage. Amma in aka tara tsatsar duka aka auna tare da ƙusar, sai a ga sun fi nauyin ƙusar ta dā, gama an yi ƙari daga iska. Wani Bafaranshe, Lavoisier, ya nuna irin wannan a 1774 sa'ad da ya gasa kuza cikin kwalba rufaffiya.

Tama da kakanninmu suke haƙowa ita ma ƙarfe ne haɗe da oksijin, watau 'yar'uwar tsatsa ce. In an zuba ta a wuta da gawayi, gawayin yakan janye oksijin ɗin, ƙarfe ya rage. Saboda haka fartanyar nan da ta kwana a gona hanyar komawa tama ta kama. Maganinta a share ta, a shanya, a shafa mata mai. Gwangwani kuwa kuza ake shafa masa, irin wadda ake haƙowa a Jos, kwanon rufi kuma tutiya.