Darasi: Yaushe ake cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a kasuwannin Tasawa da Mayahi ana yawan jin wannan magana bayan Sallar Layya. Sau da yawa mai faɗinta bai yi lissafi ba. Wani kuma murna yake yi, alhali ya faɗi. To, mu koyi inda ta dace.

Ga misali. Wata mata ta sayi rago jika 40 domin turka. Cikin wata 4 ta kashe jika 12 a dusa, jika 10 a harawar wake, jika 2 a rigakafi da maganin tsutsar ciki, jika 1 a kuɗin mota da harajin kasuwa. Duka jika 65 ke nan. Wannan ita ce uwar kuɗi, ba jika 40 kaɗai ba.

In ta sayar jika 60, ta faɗi da jika 5. Wannan hasara ce.

In ta sayar jika 65, ta mai da uwar kuɗinta, babu ci babu faɗuwa.

In ta sayar jika 70, ta ci riba jika 5. Amma a raba jika 5 ga kwana 120: kusan dala 8 ne a yini, ga ɗebo ruwa, ga sharar turke. Ribar ba ta kai wahalar ba.

A waɗannan wurare uku duka ana iya cewa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin abin da ya shigo bai kai dukiya da ƙarfin da aka zuba ba. Amma wanda ya kai rago kasuwa bai samu mai saye ba, kada ya faɗe ta tukuna. Rashin ciniki daban, rashin riba daban, tunda ragon yana hannunsa.

Shawara: a tanadi harawa da kaka, lokacin da take araha, kada a jira bazara. A samu littafi a rubuta ko dala ɗaya da ta fita, da ranarta.

Aikin gida: Wani ya sayi rago jika 50, ya ci masa jika 28, ya sayar jika 75. Riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Nawa? Ku kai amsa wurin malamin yaƙi da jahilci.